Abin Da Goggo Ta Zuba A Shayi

Shafi na 27

Masu cika min waya da "wai yaushe za a yi wa Jannatu aikin nan ne, kin ishe mu da jan rai", na gani, na ji. Har da wadda ta rantse in ba a ɗinke ta yau ba za ta daina karanta ni. Hajiya, sassauta. Ni ma da allurar a hannuna take da tuni na gama. Ku gyara zama, shafin yau ba shi da daɗi.

*

Yadda aka tura ta ɗakin tiyata haka aka dawo da ita. Ko allurar baya ba a kai ga yi mata ba.

Jannatu na kwance a gadon turawa cikin koriyar rigar nan marar mutunci da ake ɗaurewa ta baya, ta rufe fuska da hannu. Suna shiga ɗakin kwanciya matan da ke jiran layinsu suka ɗaɗɗago kai.

"Kai, har an gama?"

"Barka, barka! Ashe abin ba ya daɗewa."

Da a ce mari suka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Sista Christiana ta ja labule ta zagaye gadon da ƙarfi har ƙarfen ya yi ƙara. Ita ce mai kula da ɗakin, Hausarta ba ta raba mace da namiji, amma mace ce mai kirki in ba a taɓo ta ba. Yau kuwa an taɓo ta.

"Madam, me ka ci jiya?"

"Wallahi ban ci komai ba, Sista."

"Kar ka rantse mini. Ciki ba ya ƙarya."

"Ruwa ne kawai da baƙin shayi, kamar yadda kuka ce."

"To wanda Dakta ya gani a ciki fa, ni na saka?"

Jannatu ta kawar da kai. Hawaye ne kawai ke gangarawa cikin kunnenta.

Shekara uku ke nan tun da haihuwar Ummi ta yaga ta. An ɗinke a ranar, ɗinkin ya warware ta can ciki, ya bar 'yar kafa tsakanin hanyar bayan gida da gabanta. Tun daga nan iska da bayan gida suke biyo inda bai kamace su ba, ba sallama ba neman izini. Ga ta mai kitso, wadda mata ke zama tsakanin ƙafafunta su jingina kai a gwiwarta. Duk unguwar Gwallameji babu wadda ta kai ta iya shuku. Ranar da wata ƙawar amarya ta yamutsa fuska ta ce, "Wai ba a canza wa jaririyar nan kunzugu ba ne?" ita kuma ta bar 'yarta ta ɗauki laifin, ranar ta tattara tsinke da mataji ta cusa ƙarƙashin gado. Ta yi yawon asibiti har ta gaji, wannan ya tura ta wajen wancan, wancan ya ce sai mai hannu a irin wannan aikin ya zo. To ga mai hannun ta zo, ga sunanta ya fito, ga ta har ta ga fitilar tiyata da idonta.

Labulen ya motsa, Dakta Yagana ta shigo tana zare hular kanta. Ita ce likitar da ta zo daga wani gari don wannan aikin kawai, gobe kuma take gamawa ta koma. Ba ta da ɗaga murya, kuma hakan ya fi tsoratarwa.

"Jannatu, an ba ki maganin wanke ciki jiya?"

"An ba ni."

"Kin shanye?"

"Tas."

"Ya yi aiki?"

"Ya yi. Tun la'asar nake zarya. Bayan isha'i sai ya tsaya."

"Ya tsaya, ko ya koma ruwa zalla?"

Jannatu ta saci kallon Sista.

"Da asuba na tambaye shi," in ji Sista. "Ya ce mini ya koma ruwa."

"Na ɗauka tunda ya tsaya ya ƙare ke nan," Jannatu ta faɗa da ƙyar. "Tsoro na ji kada a ce ba yau ba."

Dakta ta zauna a bakin gadon.

"Saurare ni. Ba a ɗinki a kan ƙazanta. In na rufe kafar nan yau hanjinki a cike, jibi ta ruɓe ta buɗe, kuma ta fi da girma. Duk ɗinkin da ya lalace yana cin naman wurin ne. Ban zo in ƙara miki ciwo ba."

"Dakta, don Allah, don Annabi..."

"Wannan maganin ba ya tsayawa a hanya don kansa. Wani abu ne ya tsayar da shi. Wa ya haɗa miki shayin?"

Nan take Jannatu ta ji bayan harshenta ya tuno. Ɗaci-ɗacin nan mai kama baki. Jiya ta sha, ta ɗauka ganyen ne ya yi yawa. Ta san ɗanɗanon nan sarai, ai shekara uku tana shan sa duk ranar da fita ta kama ta dole.

Ta yunƙura ta tashi zaune.

"Ina za ka?" in ji Sista.

"Ina zuwa."

*

Bayan ɗakin kwanciya akwai wata dalbejiya inda masu jinya suka mayar gida. Nan murhunsu, nan shanyarsu, nan gulmarsu. Goggo Hamsatu ba ta shiga cikinsu. Can gefe ta shimfiɗa tabarmarta, kusa da katanga, kamar yadda take yi a kowane taro.

Yayar mahaifin Jannatu ce. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarta, tun suna ruga, kafin shanu su ƙare a dawo Tirwun a zauna. Doguwar tsohuwa ce siririya, mai tsabta har ta fitar hankali, wadda ba ta taɓa kwana gidan biki ba.

Tana ɗauraye filas ta ɗago ta ga Jannatu a tsaye, hijabi a kan rigar tiyata, ƙafa ba takalmi. Murfin ya suɓuce mata.

"Ɓingel am, ɗiyata! Har kin tashi? Wa ya ce ki taka?"

"Goggo, me kika zuba min a shayi?"

"Zauna tukuna, jiri zai..."

"Ba a yi aikin ba."

"Ba a yi ba? Don me?"

"Ke zan tambaya. Me kika zuba?"

Goggo ta dubi matan da ke bakin murhu, waɗanda tuni suka bar fifita wuta. Ta rage murya.

"Na kullum ne fa."

"Na kullum."

"Jiƙon bagaruwa, da ɗan garin nan, da kafson kemis mai tsayar da ciki. Na ɓare na zuba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"To me ya faru? Ai ya yi aiki. Ina gani kika samu barci."

Jama'a, wannan fa shi ne abin da ya fi ƙona rai. Tsohuwar nan da gaskiyarta take magana. Fuskarta fes, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a ce masa sannu.

"Goggo, zawon nan su suka sa ni! Da gangan! Magani suka ba ni don cikin ya wanke!"

"Su sa ki zawo da gangan? Mai wannan lalurar? Wane irin asibiti ne wannan?"

"Ai na faɗa miki! Na ce kada ki ba ni komai sai baƙin shayi!"

"To ai shayin na ba ki. Abinci kika ce an hana, ba ki ce magani ba."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"In tambaye ki me? Ina kallonki kina shiga kina fita, kin jiƙa zani ya fi a ƙirga, ni nake wankewa a famfon can ina ɓoyewa. Idonki ya faɗa. Ƙafarki na rawa. Na ce yarinyar nan gobe za a shimfiɗe ta a gaban mutane, har da maza, a buɗe ta. In abin ya zubo musu a gado fa? Da wane ido za ki dube su?"

"Aikinsu ke nan, Goggo! Shi suka zo gyarawa!"

"Ni dai ban goyi wadda za a toshe wa hanci ba."

"Ai kuwa an toshe! Yau ɗin nan a gabana aka toshe!"

Muryarta ta fashe. Ta durƙusa a bakin tabarmar tana dukan cinyarta.

"Gobe matar nan za ta tafi. Kin san yaushe za ta dawo? Ni ban sani ba. Sista ma ba ta sani ba. Garin neman gira kin sa na rasa ido, Goggo. Kin mayar da ni farko!"

"Yi haƙuri. Komai na da lokacinsa."

"Kada ki ce min haƙuri! Haƙuri na ci na sha har ya fita min ta hanci. Ummi ta fara makarantar allo, ko sau ɗaya ban taɓa raka ta ba. Sallar Idi a ɗaki nake yi. In na yi alwala, kafin in kai raka'a ta biyu na fara kokwanto. Mijina... bawan Allahn nan bai taɓa nuna min komai ba, amma ni na san a bakin gado nake kwana, na juya baya, na naɗe kamar gawa. Tuwo ma sai na auna shi da ranar fita. Wannan rayuwa ce?"

"Ana rayuwa a haka."

"Wa ke rayuwa a haka? Ke dai faɗa kawai kike yi. Wanki kike yi, na gode, amma ba ki san yadda ake ji ba. Ba ki san mutum ya zauna cikin jama'a yana sauraron jikinsa ba. Ba ki sani ba, Goggo, ba za ki taɓa sani ba!"

Goggo ta ajiye filas ɗin a hankali. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ban sani ba?"

"Ba ki sani ba."

"Jannatu, ranar farko da kika kira ni Gwallameji kina kuka, kika kasa faɗar abin da ke damunki, wa ya faɗa miki sunansa?"

Jannatu ta ɗago.

"Wa ya koya miki ninka tsumma gida uku? Wa ya ce ki bar kuɓewa da madara? Wa ya nuna miki yadda ake zama a gefen cinya ɗaya? Kin taɓa tambayar kanki a ina tsohuwar da ba ta shiga aji ba ta san kafson kemis?"

"Goggo..."

"Tun kafin a haife ki. Haihuwata ta fari, a daji, muna kan hanyar mashekari da shanu. Yaron bai zo da rai ba. Ni kuma haka ya bar ni."

Iska ta kaɗa shanyar da ke kan igiya.

"Kowa ya ce Hamsatu girman kai ne ya hana ta sake aure. Hamsatu ba ta cin abincin biki, Hamsatu ba ta son mutane. Na bar su a haka. Gara a ce min mai girman kai. Ubanki har ya koma ga Allah bai sani ba. Ke da na goya a bayan nan ba ki sani ba. Kin ga kuwa ana rayuwa a haka."

"Shekara nawa..."

"Ban ƙirga ba. Kuma na jiya da na zuba miki, nawa ne. Guzurina na zaman asibitin nan ne, na juye miki duka. Na ce ni tsohuwa ce, zan lallaɓa. Ke ce za a kalla."

Sai a lokacin suka ji ƙarar leda a bayansu.

Mika'ilu ne, mijin Jannatu. Ya kai Ummi gidan maƙwabta, ya nemi izini a wurin aiki, ya taho da sabon bargo a leda don ya ji ana cewa wanda ya fito daga tiyata yana jin sanyi. Yana tsaye bai fi taku huɗu ba. Kallo ɗaya za ka yi masa ka san ya ji. Ya sunkuyar da kai yana neman inda zai sa idonsa.

"Assalamu alaikum," ya faɗa, a makare.

Ku da kuka san Fulani kun san abin da ake nufi da suruki. Goggo ko sunan Mika'ilu ba ta taɓa kamawa ba. Ba ta shan ruwa a gabansa. In ya shigo gaishe ta, bango take fuskanta ta amsa. Yau ga shi ya ji abin da ta ɓoye wa ɗan'uwanta na ciki ɗaya.

Ba ta amsa sallamar ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta miƙe, ta zura takalmi ƙafar dama a hagu. Ta ɗauki 'yar jakarta ta bi jikin katanga ta nufi ƙofar fita. Tabarmar ma nan ta bar ta.

"Goggo! Goggo, don Allah!" Mika'ilu ya yi kamar zai bi ta, ya tsaya, ya juyo. "Maman Ummi, ki kira ta mana."

Da Jannatu ta buɗe baki a lokacin ta ce "Goggo, dawo", da ta dawo. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Tausayi na cin ta, haushi na cin ta, kuma haushin ne ya riga isa baki.

"Bar ta. In ta huce ta dawo."

"Me ya faru ne wai? Ya na gan ki a waje?"

"An fasa."

Ledar ta faɗi ƙasa.

*

Sai wajen azahar Dakta Yagana ta sake leƙowa, bayan ta fito daga aikin wata. Jannatu ta faɗa mata abin da aka zuba, ba ta faɗi sauran ba. Dakta ta dafe goshi.

"Kullum muna cewa masu jinya kada su ba da komai. Ashe sai mun riƙa cewa har da magani."

"Ba da mugunta ta yi ba," Jannatu ta tsinci bakinta yana faɗa.

"Na sani. Masu mugunta ba sa kwana a tabarma saboda mutum. Kafso nawa ne?"

"Ban sani ba."

"Garin kuma na mene ne?"

"Ita ke haɗa shi. Ban taɓa tambaya ba."

Dakta ta riƙa kaɗa biro a tafin hannu. Mika'ilu na tsaye a bakin labule kamar mai jiran hukunci.

"Gobe aikina a cike yake. Amma zan iya jinkirta tafiyata zuwa yamma in saka ki a ƙarshe."

"Allah ya saka..."

"Tsaya, ban gama ba. Yanzu za a sake ba ki maganin daga farko, kuma wannan karon zai fi wahala don kin riga kin galabaita. Za a sa miki ƙarin ruwa. Ba abin da zai shiga bakinki sai daga hannun Sista. Ba za ki taka ƙofar ɗakin nan ba, ko bakin famfo. Akwai mata biyu a baranda da suka zo daga ƙauye ba su samu gado ba. In kika saɓa, ɗaya daga cikinsu zan ɗauka, kuma ba zan ji kunyarki ba."

"Na yarda. Wallahi na yarda."

"Sannan mai yin allurar baya ba zai taɓa ki ba sai ya san abin da ke jikinki. Ku nemo tsohuwar. Ta zo da garin in gani, ta faɗa min adadin kafson. Kafin in tashi yau."

Mika'ilu bai jira an ce masa ba. "Ba ta yi nisa ba. In ma Tirwun ta tafi zan ɗauko ta."

"Abban Ummi." Jannatu ta riƙo bakin rigarsa. "Ka yi kamar ba ka ji komai ba."

"Me na ji?" ya ce, ya fita.

Sista Christiana ta kawo jug cike da ruwan maganin, mai gishiri-gishiri mai tayar da zuciya. Ta tsaya a kanta da hannu a ƙugu.

"Sha a gabana. Ni ban yarda da kowa ba yanzu."

Jannatu ta toshe hanci ta sha. Kofi na farko, na biyu, na uku. Sista ta nemi jijiya a bayan hannunta ta soka, ta rataye ledar ruwa. Da ta ga tana rawar sanyi sai ta warware bargon Mika'ilu ta lulluɓe ta, tana mita.

"Sori. Ka yi haƙuri da faɗana. Ina so ka warke ne."

Jannatu ta kwanta tana kallon ruwan yana ɗiga. Duk abin da ta sani game da Goggo ya riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sabuwar fuska. Wankan asuba ko da sanyi na tsaga dutse. Igiyar shanyarta ta daban a bayan ɗaki. Ranar kai ta gidan miji, da Goggo ta raka ta har ƙofa ta ƙi kwana, ita kuma ta yi wata guda tana fushi da ita a kan haka. Ta cusa bargon a baki don kada matan ɗakin su ji kukanta.

An kira la'asar ba Mika'ilu ba labarinsa. Ta kira layin Goggo, wayar ta yi ƙara a cikin ƙullin kayan da ke ƙarƙashin gadonta.

Can sai tata wayar ta ɗauka.

"Abban Ummi, ka same ta?"

"Na same ta."

"Alhamdulillah. Ku taho, Dakta ta kusa tashi."

"Maman Ummi..." Hayaniyar titi na tashi a bayansa, hon ɗin keke da muryoyi. "Har Tirwun na je, ba ta can. Ashe ko keken ba ta hau ba. Tana nan mahaɗar da ake lodi, ƙasa da asibitin kaɗan. A zaune take a dakalin wani shago."

"To ka ce ta taso mana."

"Ba za ta iya tashi ba."

"Faɗuwa ta yi?"

"A'a. Zaninta ne ya ɓaci. Tun ɗazu take nan, ta manne da bango. Mai shagon yana so ya rufe ya tafi masallaci, yana ta faɗa a ɗauke masa ita. Mutane sun fara taruwa. Wasu na cewa taɓin hankali ne."

Jannatu ta runtse ido. Guzurin maganinta duka Goggo ta juye mata.

"Ka rufa mata wani abu!"

"Na cire babbar rigata na nufe ta. Ta ce, ba ni ta kalla ba, bango ta faɗa wa, wai in na ƙara taku ɗaya za ta faɗa gaban mota. Wallahi ba wasa a muryarta."

"Ka samu mace! Ba mata a wurin?"

"Wata mai awara ta je, ta kore ta. Ta ce ba wanda zai taɓa ta. Maganar garin ma na tura a tambaye ta, ta ƙi buɗe baki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sunanki kawai take kira. Da Fulatanci."

Wayar ta zame daga kunnenta.

"Sista! Sista, don Allah ki je ki taho min da ita. Nan kusa ne, ke mace ce, kina da kayan aiki, za ta..."

"Ni kaɗai ne a ɗakin nan. Ga mutum biyu sun fito daga tiyata, ɗaya jininsa yana sauka. In na fita wani abu ya faru, wa zai amsa?"

Gaskiyarta ne, kuma gaskiyar ba ta amfana wa Jannatu komai ba.

Ta sauko da ƙafafunta. Ta janyo ƙullin kaya daga ƙarƙashin gado, ta zaro zani mai duhu da tsumma biyu, ta ninka su gida uku ba tare da ta ma lura ba. Ta ɗauki buta. Ta kama filastar da ke bayan hannunta ta ɓare, ta zare allurar, jini ya biyo yatsunta.

"Madam! Ka haukace ne?" Sista ta sha gabanta. "Ka ji abin da Dakta ya ce. In ka taka waje, gadon nan ya zama na wani. Ba zan iya roƙa maka ba."

"Uwata ce a zaune a titi."

"Kuma maganin da ka sha fa? Ko get ɗin asibiti ba za ka kai ba. Sai ku zama ku biyu!"

Kamar jira cikin yake a ambace shi. Ya murɗa tun daga ƙasan haƙarƙari har mara, ya yi wata ƙara da har ta gadon kusa ta ji. Zufa ta karyo mata. Ta taga tana hango matan nan biyu na ƙauye a baranda zaune a kan buhunansu, sun zuba wa ƙofar ido.

Jannatu ta matse ƙafafunta, ta rungume zanin a ƙirji, ta ratse ta gefen Sista. Ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar.

Ƙofar ta buɗe da kanta ta waje.

Dakta Yagana ce, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu. Ta dubi zanin, ta dubi butar, ta dubi jinin da ke ɗiga a ƙasa.

"Jannatu, ina za ki?"

*

Kada wadda ta turo min "Allah sarki" kawai ta wuce. Ki faɗa min tsakaninki da Allah, da ke ce a bakin ƙofar nan, fita za ki yi ko komawa gado?